San Malam Sale da Ƙanƙarar Azumi

Jinin farko da na taɓa dubawa na wata saniya ce a Babban Duhu, kuma ban ga komai a madubin duba ƙwayoyin cuta ba sai gashin idona. Ku yi dariya, ɗalibai, ai ku ma abin da kuka gani ke nan jiya. Na ji ɗayanku yana cewa aikin nan leƙe ne kawai, a ɗiga jini a gilashi, a kanga ido, a faɗi magani, a karɓi godiya. To madalla. Tunda wuta ba ta dawo ba, ku gyara zama in ba ku labarin leƙen.

Wanda ya koya mini aiki sunansa Malam Audu, amma Mai-madubi kowa ke ce masa, daga Safana har Runka. Madubinsa bai san lantarki ba. Wani ɗan faifai ne a ƙasansa mai kamo hasken rana, in gajimare ya taso kuwa sai ka naɗe hannu ka jira. Shi ya nuna mini yadda ake shiga ruga da sassafe tun ba a saki shanu ba, a kama kunnen saniya, a tsaga 'yar jijiya, a tsotso jinin da siririn bututu, a toshe gindin bututun da sabulu. Daga nan sai injin juya jini, na hannu, ka yi ta murzawa har kafaɗarka ta ƙage. In ka tsaya za ka ga jinin ya rabu, ja a ƙasa, ruwa-ruwa a sama, tsakaninsu wani ɗan farin zare. A farin zaren nan ƙwayar sammore take taruwa, nan za ka karya bututun ka ɗiga a gilashi.

Ran da na fara ganinta ihu na yi. Abu kamar ɗan tarwaɗa, yana wutsil-wutsil, yana ture ƙwayoyin jini gefe. Malam Audu ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Gaishe ta, za ku daɗe tare." Doka ɗaya ya kafa mini, kuma yana maimaita ta har na gaji da ji: abin da idonka bai gani ba, kada bakinka ya faɗa.

Ga wanda bai sani ba a cikinku, sammore ciwon shanu ne da ƙudan tsando ke sawa. Mu nan ba mu da tsando sosai, shanu ne ke kwaso ta a kudu in sun tafi cin rani. Sai ka ga saniya ta dawo tana ramewa alhali tana ci, ido yana hawaye, gashi ya tashi, gashin jela yana zuba, wani lokaci har ƙasa take lasa. Jininta ciwon ke cinyewa a hankali.

Masu shanu kuwa, Allah ya bar mu tare, sai ka koyi jin maganarsu. Ka tambayi makiyayi ko ya yi mata allura, zai ce a'a, alhali ga kumburin allurar a wuyanta kamar ƙwan zabo. Ba ƙarya yake nufi ba, kunya ce, kada ka ce ya riga ka. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne rabon magani. Ƙunshin garin maganin nan mai ruwan ɗorawa na babban sa ɗaya ne, amma mutum ya jiƙa shi ya raba wa biyu, wai don kada ɗaya ya ji haushi. Rabin magani ba ya kashe sammore, ɓuya yake koya mata. Ka duba jini ka ga fes, ka koma gida kana murna, bayan an kwana biyu a aiko maka saniya ta kwanta.

Ina dab da ajiye aiki Allah ya haɗa ni da Dakta Hajara. Sa'ar 'yata ta biyu ce, tana bincike a kan sammore a wani ɗakin gwaji a birni, ta zo Safana neman wanda zai riƙa ɗebo mata jini daga ƙauyuka. Ta gaishe ni har ƙasa, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, sannan ta yi mini tambayar da na daɗe ina gudu.

"Baba, in ka duba ba ka gan ta ba, ta mutu ke nan ko ta ɓuya?"

Na ce, "Allah masani, 'yata."

Ta ce, "Haka ne. Amma ya bar mana wata 'yar ƙofa. Zo ka gani."

Muka zauna a gindin dalbejiyar bayan ofis, ta ɗauki tsinke tana zane a ƙasa. Ta ce kowace halitta, ni da ita da sa da ƙwayar sammore, tana da umarnin gina jikinta a ajiye cikin abin da ake kira DNA. Umarnin nan a rarrabe yake gida-gida, kowane gida da abin da ya san yi. Shi DNA ba ya fita, aike yake yi. Aiken nasa wani siririn zare ne da ake kira RNA, kwafin abin da ke cikin gida, ana tura shi maƙerar da ke cikin jiki a ƙera abin da aka ce.

"A jikin sa," in ji ta, "ko a jikinka, in aka kwafo saƙo yakan fito da guntaye a tsakiya waɗanda maƙera ba ta bukata. Akwai wani abu mai aiki kamar almakashi da allura, shi ke yanke guntayen ya ɗinke baki da baki. Amma duk abin da ya ɗinke daga zare ɗaya ya fito, daga gida ɗaya."

Na ce na gane, ko ban gane duka ba.

"To ita abokiyarka ba haka take yi ba." Ta ja dogon layi a ƙasa. "Ita gidaje da yawa take kwafowa a jere, a dogon zare guda."

Na ce, "Kamar dangwali?" Kun dai san dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure maruƙa a jere a ruga.

Ta tafa hannu. "Shi ke nan, Baba! To sai an yanko kowane saƙo daban, kamar a kwanto maraƙi ɗaya. Amma wanda aka yanko ba shi da kai, maƙera kuwa ba ta karɓar saƙo marar kai. Shi kan a wani gida dabam ake yin sa, gidan da ba shi da wata sana'a sai yin kai, iri ɗaya sak, ba dare ba rana. Sai almakashin nan ya kamo zaren kan, ya kamo zaren saƙon, ya datse wutsiyar wannan, ya datse gaban wancan, ya ɗinke su su zama ɗaya. Jiki daga wani gida, kai daga wani gida."

Kai, ranar na dame ta da tambaya. Na ce ya yake gane inda zai yanka? Ta ce akwai alama a jikin zaren, wasu haruffa da yake bi. Na ce in ba a sa kan ba fa? Ta ce saƙon lalacewa yake yi, in abin ya yi yawa ƙwayar ta mutu. Na ce ita kaɗai ke wannan aikin a duniya? Ta ce a'a, wasu tsutsotsi ma suna yi, amma nasu kan dabam ne. Na ce to me ya sa aka yi ta haka, ba a yi ta kamar kowa ba? Ta yi dariya ta ce, "Baba, da na san wannan da na huta." Da na koma ofis na ɗauko wani jini mai sammore na zauna ina kallonta kamar yau na fara ganinta. Shekara da shekaru ina zaton wutsil-wutsil kaɗai ta iya, ashe tela ce.

Ga inda abin ya shafi aikinmu. Tunda kowane saƙo nata da wannan kan yake yawo, ƙwaya ɗaya ma tana ɗauke da shi jibgi guda, kuma jikin sa ba ya yin irinsa. Injin Dakta yana iya tsinto shi a jinin da idona zai rantse ba komai. Sannan RNA ba ya jimiri. Ƙwayar tana mutuwa yake bin ta ya ruɓe, saboda haka in an same shi, tana da rai. Sai dai rashin jimirin nan bai san gida ba bai san daji ba. In jinin ya ji zafi a hanya, ruɓewa zai yi a cikin kwalba tun bai isa birni ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Aikin da ba zan manta ba na san Malam Sale ne, a Karare, a shekarar da ta fi kowace muni. Shekarar ce 'yan bindiga suka matsa, rugage suka watse, ba ka hawa babur zuwa Runka sai ka tambayi wanda ya fito. Malam Sale manomi ne, dattijo mai 'ya'ya da jikoki a gida. An kore masa shanu duka, sai wani jan sa ɗaya da ya tsira don ya ba wani makiyayi ya tafi da shi kudu. Maƙwabcinsa Ilu shi ma sa ɗaya ya rage masa. Garmar shanu kuwa biyu take so. Mutanen nan sun yi shekaru ba sa ga maciji saboda iyakar gona, amma wuya ta sa suka zauna suka shirya: za su haɗa shanun a karkiya ɗaya, a huɗe gonar wannan a huɗe ta wancan. In san Sale bai tashi ba, gida biyu ne ba za su yi huɗa ba, kuma a shekarar ba inda za ka je aron sa.

Jan san ya dawo daga kudu da sammore. Wannan kam na gan ta da idona, na yi masa allura cikakkiya, ba rabi ba. Da na sake dubawa jini fes, amma sa yana nan kamar an ɗora fata a kan itace, ya tashi da ƙyar, ya kwanta da wuri. Lokacin azumi ne, tsakiyar bazara, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Sarkin Fawan garin ya fara zagayawa. Ya ce a sayar wa mutanen unguwa su yi watanda da shi ran jajiberen salla, a yanka a raba kashi-kashi kowa ya kai gida, tun bai zama mushe an yi biyu babu ba.

Malam Sale ya kira ni gefe. Bayan mun gaisa, mun tambayi azumi da iyali da jama'a, ya ce, "Malam, ka faɗa mini gaskiya. In mutuwa za shi yi, in yanka tun shina da nama. In tashi za shi yi, in jira. Wanne ne?"

Na ce ban sani ba. In ƙwayar tana nan a ɓoye ta fi ƙarfin maganin, zai iya faɗuwa kowace rana. In ta mutu, yunwa ce da ƙarancin jini kawai, abinci zai tashe shi. Madubina ba ya raba waɗannan biyun. Na ce ya ba ni lokaci zuwa jajibere, ya ce ya ba ni.

Na hau tudu inda waya ke kamawa na kira Dakta. Da can takan aiko mini da wasu kwalabe masu ruwan adana jini, amma sun ƙare, hanya kuma ta hana a kawo wasu. Ta ce, "Baba, sai dai ƙanƙara. Ka binne kwalbar a ciki, kada ta ga rana har ta zo hannuna."

Na sayi ƙanƙara a Batsari na cika kula, na je na ɗebi jinin a jijiyar wuya, na dawo na hau a-kori-kura mai zuwa birni. Ban gaya wa kowa abin da ke cikin kular ba. A shekarar nan ba ka shiga mota ka ce kai mai maganin shanu ne, yanzu a ce kai ke yi wa na daji allura. Mun yi nisa sai muka tarar da motoci a tsaye. Wai an ga 'yan bindiga sun tsallaka titi a gaba, kowa ya dakata sai jami'an tsaro sun wuce. Muka yi ta zama a gindin itatuwa, la'asar ta yi, rana ta yi ja, ba labari. Da magariba ta kawo jiki na ɗauki buta na zaga bayan wata geza.

Ina dawowa na hango taro a bayan motarmu. Kulata a buɗe, direba ya sa dutse yana fasa ƙanƙarar a cikin bokitin ruwa, kofi yana zagayawa hannu zuwa hannu. Wata tsohuwa da tun azahar take kwance kamar ba rai ta ɗago ta kama hannuna.

"Allah shi yi maka albarka, ɗan nan. Allah shi shayar da kai ruwan Alkausara."

Jama'a suka amsa da amin. Direba ya miƙo mini leda da fara'arsa, ya ce, "Malam, ga maganinka nan, na ɗaure maka shi da kyau, ko taɓawa ban yi ba."

To me zan ce? Kun san al'adarmu, wanda magariba ta riska a hanya da abu mai sanyi, ba nasa ba ne, na masu azumi ne. Direban nan ladan yake nema mini. Raina ya ɓaci ƙwarai, na buɗe baki zan yi faɗa, sai aka danƙa mini kofin. Na sha, don ni ma ƙishin yana neman kashe ni. A wani ƙauye na bakin hanya muka kwana, jinin ya kwana a aljihuna, sai da hantsi ya dubi ludayi na isa birni.

Dakta ta saurari labarin tana danne dariya, amma ta ce bari dai a gwada. Da ta gama ta ce ba a sami kan ba. Na fara hamdala, ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Baba. Kullum nakan nemi RNA na jikin san tukuna, don in san jinin bai lalace ba. Shi ma babu. In ka tarar kasuwa ta tashi, ba ka cewa wane bai ci kasuwa ba."

Kun ji, ku masu cewa leƙe ne. Babu iri biyu ce, akwai babun da take amsa, akwai babun da ba ta ce komai ba.

Na koma Karare hannu rabbana, salla kuma ta matso. Da na ba da labarin ƙanƙarar a dandali, mutane suka yi ta dariya har da masu share hawaye. Ilu ne kaɗai bai yi ba. Ya ce, "To yanzu mi ya rage?" Na ce a sake ɗiba, amma ƙanƙarar Batsari ta yau an riga an rabe ta, kuma in na jira gobe lokaci ya ƙure. Muna cikin haka sai ga mai kawo wa garin ƙanƙarar shan ruwa a kan babur, ya naɗe ta cikin buhu da dusar katako. Wanda bai yi azumin bazara a ƙauye ba bai san darajar abin nan ba. Tun safe mutum yake tunaninta, yara suna tsaye da kwanoni, kowane gida da ɗan guntun da zai samu.

Ilu ya dubi layin masu jiran ƙanƙara, ya dubi kulata. Wanda ya fara motsi shi ne Sarkin Fawa, mutumin da ya fi kowa son a yanka. Ya karɓi nasa guntun ya jefa a kulata, ya ce, "Ni nama nika so, ba na ɓoyewa. Amma ba a cewa Sarkin Fawa ya yanka san huɗa a banza. A je a nemo gaskiyar da sanyinta." Daga nan sai wannan ya jefa, wancan ya jefa, wata mata ta karɓe kwanon daga hannun ɗiyarta ta juye. Ran nan, da ruwan randa Karare ta sha ruwa.

Na ɗebi jinin. Ilu ya ɗaure kular da igiya, ƙulli a kan ƙulli, ya lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ya ce da shi za a tafi. Muka sami motar ƙarshe mai fita daga Batsari. Tun da muka shiga ya zauna a kan kular, ko da aka tsaya salla sai da na idar na karɓe shi sannan ya tashi. Wani fasinja ya ce, "Bawan Allah, ba sanyi a ciki?" Ilu ya dube shi ya ce, "Akwai. Ba naka ba ne." Muka miƙa wa Dakta kular da sauran ƙanƙara a ciki.

Ran jajibere da safe ta kira ni ina Batsari. Ta ce RNA na san yana nan lafiya lau, jinin bai lalace ba, kuma ba a sami kan ba ko kaɗan. Ta ƙara da cewa, "Baba, ka faɗa musu yadda na faɗa. Gwajin nan har yanzu bincike ne, kuma ban leƙa kowane lungu na jikinsa ba. Amma a jinin nan babu mai rai. Da san nawa ne, ba zan yanka ba."

Waya ba ta shiga Karare, sai na hau babur. Na tarar an riga an kai san gindin tsamiya, an ɗaure masa ƙafafu, an shimfiɗa ganye a ƙasa inda za a jera kashin nama, Sarkin Fawa yana wasa wuƙa. Malam Sale ya cika alkawari, ya jira har jajibere, kuma ba wanda zai zarge shi. Na sauka ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce a dakata, ciwon ya mutu, yunwa ce ta rage.

Malam Sale ya dube ni ya ce, "Kai ka gani da idonka?"

Sai na ji muryar Malam Audu a kunnena, Allah ya jiƙansa. Tun ina saurayi ban taɓa karya dokarsa ba. Na ce, "Ban gani ba. Abin da aka nema ma ido ba ya ganinsa, kuma an nema ba a samu ba."

Wuri ya ɗauki gunaguni. Wani ya ce wannan wace irin magana ce, a hana mutane naman salla saboda abin da ba a gani ba kuma ba a samu ba? Malam Sale ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "To mi aka nema?"

Na tsuguna na ɗauki tsinke, kamar yadda Dakta ta yi mini. Na ja musu dangwali a ƙasa, na yanka shi gunduwa-gunduwa, na zana wani gida a gefe mai yin kai, na nuna yadda ake ɗauko kan a ɗinka wa kowane saƙo. Na ce muddin tana da rai sai an sami kan nan a jini, don ba ta iya rayuwa ba tare da shi ba, kuma ƙanƙararku ce ta sa muka tabbata jinin bai ruɓe a hanya ba. Dattawa suka sunkuyo suna kallon zanen. Ɗaya ya ce ikon Allah, a cikin ɗigon jini ake wannan ɗinki? Sarkin Fawa ya daina wasa wuƙar, ya ce, "Wato ita ma na gida ɗaya bai isar ta aiki, sai ta haɗa da na maƙwabci?" Ya dubi Sale, ya dubi Ilu. Aka fashe da dariya, har Ilu sai da ya murmusa.

Malam Sale bai yi dariya ba. Ya dubi san, sannan ya ce, "Malam, in ya mutu fa?"

Na ce, "In ya mutu, ka yi asarar sa da nama, kuma da bakina ka yi ta. Ban da abin da zan biya ka da shi. Amma da nawa ne, ba zan yanka ba."

Ya sunkuya ya kwance igiyar ƙafafun da hannunsa. Ilu ya ce rabin dusar gidansa ta san ce daga yau.

Sallar nan da miyar kuka aka yi ta a unguwar, ba ko tsoka. Matan garin suka sa mini suna Malam Hana-nama, har yau in na shiga Karare da shi ake kirana. Ni kuwa tsoro ya hana ni sukuni, duk wanda na gani daga can sai na tambaye shi lafiyar san kafin ya buɗe baki. Aka yi ta ba san harawa da dusa da ɗan kanwa. A hankali gashinsa ya kwanta, hawayen ya tsaya, ya fara ture san Ilu a wurin ci.

Da ruwan shuka ya sauka na je na gani. San Ilu ya fi na Sale tsawo, karkiyar ta karkace, layin farko ya fito a murɗe kamar sawun maciji. Sale yana riƙe da garma, Ilu yana gaba da igiya, kowa yana ɗora wa san ɗan'uwansa laifi. Kafin rana ta take shanun sun saba da juna. Da suka zo iyakar nan da aka yi shekaru ana faɗa a kanta, garma ta bi ta kai ta wuce, suka ci gaba da huɗa. Gonakin biyu duka an huɗe su a kan kari, damina kuma ta yi kyau.

Bayan kaka ina zaune a ƙofar gidana a Batsari sai ga Malam Sale a bayan babur, da damin gero ɗaure a baya. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi Ilu, na tambayi jama'a. Sannan na ce, "Ya mutumina jan sa?"

Ya ce, "Sun zo, Malam. Sun kore shi, shi da na Ilu, tare."

Na yi salati. Sai na ji bakina yana cewa da mun sani da an yi watandar, ko nama a ci.

Ya girgiza kai, ya kwance damin ya ajiye a gabana. "Da an yanka, da tuni an manta ɗanɗanonshi. San suka kore. Huɗar da ya yi ba su iya kore ta ba, tana rumbuna, tana rumbun Ilu. Wanga naka ne, ka ɗibar wa ɗiyar nan ta birni."

Na ce, "To baɗi fa?"

Ya riga ya ɗaga ƙafa zai hau babur. Ya juyo ya ce, "Ilu ya samu jaki. Ni kuma garmar tana nan."